Lagireton da Aka Ce Daga Ikko Yake

Ana tsakiyar yaƙin basasa lagireton motar maigidana ya fashe. Tsohuwar a-kori-kura ce tun ta zamanin Turawa, da ita yake ɗauko fatu daga ƙauyuka ya kawo wa majema, da ita kuma muke ci, mu tara a gida. Lagireto shi ke riƙe ruwan da ke sanyaya inji. In ya tsiyaye a hanya ba a lura ba, inji ya ƙone, to a wancan lokacin an gama, don masu sayar da kayan mota na Sabon Gari sun tafi garuruwansu. Ko noti sai an sha yawo.

Ni ban taɓa leƙa cikin mota ba. Amma gidanmu a Kabara shi ne na bakin lungu, kuma a jikin katangar madafina ake ajiye ta, ga 'yar tagar hayaƙi a sama. Shekara da shekaru ina tuƙa tuwo ina jin duk abin da ake yi mata.

Tana kwana goma a ajiye sai ga wani bakanike da ba mu sani ba, abokin maigida ne ya haɗa su. Ya zo da lagireto a buhu, wai sabo ne dal, wani direba ya taho da shi daga Ikko. Maigida ya shigo da lagireton tsakar gida ya nuna mini, baƙi wuluk yana sheƙi.

Na ce, "Malam, abu ya taho tun daga Ikko fentinsa bai bushe ba? Dubi hannunka."

Ya ce, "Zafin rana ne. Ke dai sa albarka."

Na sa, amma raina bai kwanta ba. Mutumin ya cika rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, ga shi yana ta kiran maigidana Alhaji, mutumin da ko jirgi bai taɓa gani a kusa ba.

Bayan azahar suka ciro tsohon. Sabon ya ƙi zama, ƙafarsa ɗaya ba ta kai ramin noti ba. Na ji bakaniken yana cewa, "Haka na zamani suke zuwa, Alhaji." Ya yi ta bugu da guduma, ƙarshe waya ya sa ya ɗaure, ya jona tiyon sama da na ƙasa.

Da aka kira la'asar ya ce, "Yi gaba, Alhaji, hannuna duk baƙin mai, yanzu zan biyo ka." Bai bi ba. Takun maigida na ɓacewa na ji an zuba ruwa a gwangwani, sannan na ji kaɗi. Duk matar da ta taɓa riƙe maburgi ta san ruwa zalla ƙararsa daban, abin da ke yin kauri ƙararsa daban. Wannan kauri yake yi. Sai na ji an juye shi a hankali.

Maigida ya dawo aka cika ruwa aka tayar da mota. Ko ɗigo babu a ƙasa. Ina jinsa yana murna, wai da asuba sai Ringim. Injin na ɗaukar zafi wani ƙamshi ya shigo ta tagar. Ni kuwa ran nan kuɓewa na ɗora.

Na buga ƙyauren zaure har maigida ya shigo. Na ce, "Malam, mutumin nan miya ya zuba maka a mota."

"Wace irin miya kuma?"

"Kuka. Daddawa ce kawai babu."

Ya haɗe rai. "Yanzu a gaban baƙo za ki kunyata ni?"

Na ce, "Kuka tana toshe rami, amma na kwana nawa? Sai ta kai ka dajin da ba rijiya ta sake ka. Ga ruwan zafi a murhu, a zubar da na ciki a wanke. In ƙazafi na yi masa, da bakina zan ba shi haƙuri."

Ya juye ruwan zafin a bokiti ya fita da shi.

Da ya kwance tiyon ƙasa, abin da ya zubo kore ne mai kauri. Bakaniken ya ce maganin tsatsa ne na Turawa. Maigida ya ci gaba da aikinsa. Bokiti biyu na ruwan zafi ya ɗura, ya mayar da tiyo, ya cika da na sanyi, ya tura kwano a ƙarƙashin motar. Daga madafi nake jin ɗigar, wuri uku, kowanne da saurinsa.

Sai muryar mutumin ta sauka. "Wallahi kowa haka yake yi yanzu. Ina aka ga sabo a garin nan? Da ta kai ka ta dawo da kai."

Maigida ya ce, "Kwance kayanka."

Motar ta ƙara mako uku a ajiye kafin wani mai gyaran fitila a Ƙofar Wambai ya yarda ya bi tsohon namu da dalma, layi-layi. A makonnin nan sau ɗaya muke ɗora tukunya a rana, kuma maigida kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice, ban sani ba haushi ne ko kunya. Da aka mayar da tsohon ya tafi Ringim, ya dawo da fatu har saman ƙarfe, inji lafiya lau. Tsire ya shigo da shi a takarda, ya ajiye a bakin ƙofata ya wuce.