Takardar Bashin da Baba Sale Ya So In Buga

Shekara ashirin da ɗaya ina aikin mu'aƙƙib a Makka, amma har gobe ranar da Baba Sale ya yi fushi da ni don na ce masa babu haraji ba ta fita raina ba. Ku da kuka tarar da komai a waya, mu'aƙƙib shi ne mai bin takardun mutane: ka rubuta, ka buga, ka kai ofis, ka sha tsawa a madadin mai takarda, ka dawo ka karɓi riyal hamsin. Ofishinmu yana Jarwal, kuma mudir, wato maigidanmu, ƙa'idarsa ɗaya ce tak: abin da mai biya ya ce a buga, a buga.

Wata Lahadi ce da hantsi, mako uku bayan alhazai sun watse. Baba Sale ya shigo yana dogara sanda, 'yarsa Hindu na biye da shi. Kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa, shi a nan aka haife shi, amma idan ransa ya ɓaci Hausar Kano ce ke fitowa tsantsa. An rushe tsohon gidansa an biya shi diyya, yana son ya ba Hindu riyal dubu ɗari uku ta haɗa da nata ta sayi ɗan gida. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku a Aziziyya, a irin hayar nan ta wata goma, wadda da aikin Hajji ya ƙarato sai a ce ku kwashe kayanku, baƙi za su shiga. Shekara biyar tana wannan ƙaura.

Ya ajiye mini wata takarda rubutun hannu. "Buga mini da Larabci mai kyau, a sa shaidu. Bashi na ba ta."

"Bashi, Baba? Yaushe za ta biya?"

"Wa ya ce za ta biya? Kyauta ce! Amma in aka rubuta kyauta gwamnati za ta yanki dariba, haraji ke nan, sha biyar cikin ɗari. Dubu arba'in da biyar! Kai za ka biya?"

Ashe wani ɗan ƙaninsa ne da ke Turai, wanda tun da ya ga dusar ƙanƙara ya zama masanin komai, ya aiko masa da wannan fatawar ta saƙon murya.

Ku saurari bayanin da na yi masa, don za a yi ta tambayarku. A ƙasar nan idan uba ya ba ɗansa kuɗi, babu harajin da ke hawa kai, ko riyal goma ne ko miliyan. Sha biyar ɗin da yake ji ta sayayya ce. Gida ma, in sayarwa ce akwai biyar cikin ɗari, amma kyautar uba ga ɗa, idan an rubuta ta a hukumance an cika sharuɗɗa, ba a karɓa. Banki na iya tambayar inda kuɗin suka fito, sai a nuna takardar diyya. Saura zakka, in kuɗin suka shekara a hannunta, wannan kuwa tsakaninta ne da Ubangijinta.

Na zaci zai rungume ni. Ina! Sai ya haɗe rai kamar na ce masa an soke fansho.

"Sake dubawa."

Na sake dubawa, na juya masa kwamfutar.

"Kai yaro ne, ba ka san gwamnati ba." Ni da furfura ta cinye gemuna.

Mudir ya leƙo daga ciki. "Ya Habu, buga wa ammi, dattijon nan, abin da yake so, khalas."

Ban taɓa ganin mutumin da ke neman haraji ido rufe irin wannan ba. Can na lura Hindu ba ta kallona, ƙofa take ta kallo. A waje ga mota a kunne, babban ɗansa Faisal na zaune a ciki yana latsa waya. Na tambayi Baba me suka ce wa Faisal sun zo yi. Ya ce, takardar asibiti. Nan na gane: tsohon nan ba gwamnati yake tsoro ba. So yake ya ce wa 'ya'yansa maza aro ya ba 'yar'uwarsu, haraji kuma ya zama hujjar da zai ba Hindu don ta sa hannu ba tare da ta ji ciwo ba.

Matsalar ita ce takarda ba ta san wasa ba. Ranar da Baba ya kwanta dama, bashin nan dukiyarsa ne, zai shiga cikin gado, maza huɗu su ɗauki kashi biyu-biyu, ita ta ɗauki ɗaya. Ko dai ta biya su, ko a sayar da gidan ta koma kwashe tukwane duk shekara.

Sai na yi ƙarya, a Makka, inda da ƙafa ma za ka isa Harami: na ce firinta ta lalace. Allah Ya yafe mini. Mudir ya harare ni, don a gabansa ta gama fitar da takardun wani.

Na rage murya na ce, "Baba, ranar da babu kai, wa zai gaya wa Faisal cewa bashin wasa ne?"

"Faisal ɗan halak ne."

"Na yarda. To me ya sa yake mota?"

Ya ɗaga sanda, na ɗauka a kaina za ta sauka. Hindu ta yi saurin cewa, "Malam Habu, ka buga kawai. Duk yadda Baba ya ce zan sa hannu." Wallahi wannan maganar ce ta fi ɓata mini rai, don ta san abin da take sa wa hannu, kunyar tsohon kawai take ji. Shi ma ya ji ta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya nuna ƙofa da sandar. "Kira mini shi."

Faisal ya shigo da makulli a hannu. Baba ya gaya masa komai cikin jimla uku, bai kalle shi ba. Kada ku zaci rungume-rungume aka yi. Fuskar Faisal ta canza, ya ce, "Ɗayyib, abuya," wato to, Baba. "Mu fa?"

"Kowannenku yana kwana a gidansa da Hajji," in ji Baba. "Ita a ina take kwana? Da na karye, wa ya yi wata huɗu yana juya ni? In malamai sun ce ban yi adalci ba, ni za a tambaya, ba kai ba. A gabanka nake ba ta, don kada ka ce ba ka ji ba."

Nan take firinta ta warke. Na buga takardar kyauta, Baba ya sa hannu, Faisal ya sa a matsayin shaida har biro ya kusa huda takardar, washegari muka kai aka tabbatar da ita a hukumance. Riyal hamsin ɗina kuwa mudir ya riƙe, wai kuɗin gyaran firinta.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu idan sun zo tambayar harajin kyauta, sau da yawa amsar doka ba ta kai minti biyu ba, sauran aikin yana cikin motar da ke waje. Ku riƙa leƙawa kafin ku buga. Baba Sale ya rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, aka raba gadonsa, babu wanda ya ambaci gidan Hindu. Faisal dai har yau ba ya gaishe ni, ko a masallaci muka haɗu. Na yafe masa. Bana da Hajji na bi ta layinsu, na ga shanyar yaranta a baranda.