Kawu Alli da Baƙin Batir

Shekara talatin Kawu ya yi yana koyar da 'yan aji uku, har aka laƙaba masa Alli. Bayan ya yi ritaya, rijiyar gidansa ta koma zartsi, likita kuma ya ce ƙodar matarsa, Inna, ba za ta ƙara ɗaukar gishiri ba.

Sai ya haɗa abinsa a bayan ɗaki: faffaɗan faranti, tsohon gilashin taga a karkace a kai, da ɓarin bututun roba a gindin gilashin. Rana ta dafa ruwan rijiyar a farantin, gumi ya kwanta a gilashi, ya gangara bututu, ya ɗiga a kwalba, gishirin ya zauna a faranti. Kwalba biyu a yini, duk na Inna.

Sati biyu da dawowata daga karatu, Inna ta wayi gari da amai, 'yarta ta wuce da ita asibiti. Na tsaya kallon farantin, baƙinsa ya yi mini yawa.

"Kawu, da me ka shafe wannan?"

"Da abin da muke shafe allo mana. Garin cikin batir. Baƙi ke jan zafi, ko can ba a koya muku ba?"

Na ce masa garin nan guba ne. In a faranti kaɗai yake, da sauƙi, yawancinsa zai zauna tare da gishirin. In ya shafa har bututun, wata huɗu ke nan Inna tana shansa.

"Ka shafa?"

"Wallahi ban tuna ba."

Ya kama gefen gilashin. Ni ma na kama ɗaya gefen. Muka ɗaga tare.

Bututun fari tas.

Kawu ya zauna a ƙasa. "Ba a shafa wa bakin allo baƙi," ya ce a hankali. "Nan ake ajiye alli, sai ya ɓaci. Hannuna ne ya tsallake, ba ni ba."

Duk da haka muka kai kwalbar asibiti, ya rungume ta har can. Aka auna ruwan, aka auna Inna, aka ce zazzaɓi ne.

Ya jefar da farantin, ya shimfiɗa garin gawayi a sabo. Har yau shi ke fara kurɓar kowace kwalba, ya zauna shiru yana sauraron cikinsa, Inna tana miƙo kofi tana cewa, "Malam, in ka gama mutuwar, ƙishi nake ji."