Takardar da Ke Cikin Akwatin Isham

Isham Pettiford maƙeri ne a Petersburg ta jihar Virginia, baƙar fata amma ɗa, don uwarsa ba baiwa ba ce. A maƙera ɗaya suka koyi sana'a da Wiley Gaines, farar fata, kuma kowa ya san hannun Isham ya fi. Dala ɗari biyar ta farko da Wiley ya tara, gona ya saya, gonar ta haifi wata. Isham kuwa da tasa ya sayi matarsa Mahala daga hannun ubangidanta. Ka ji inda tseren ya ƙare tun ba a fara ba.

Bai 'yanta ta ba, kuma ba don mugunta ba. Doka ta ce bawan da aka 'yanta ya bar jihar cikin shekara guda, ko a sake sayar da shi. To, su nufi ina? Nan maƙerarsa take, nan aka san shi. Sai ya naɗe takardar cinikin ya jefa a akwati, Mahala ta zauna matarsa a ɗaki, baiwarsa a takarda.

Takan tsokane shi: "Kai dai ka yi cinikin asara, ko burodin masara ban iya ba."

"Rufa mini baki! Da alfadari na saya, da tuni na huta."

Shekara goma sha tara ana haka. Ran nan yana cikin dukan ƙarfe ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Wuta ta mutu a maƙera, bashin likita da na mai ƙarfe ya taru, kotu ta ce a sayar da duk abin da ya mallaka. Wiley aka turo ya yi wa kayan kuɗi.

Isham na kwance yana ji ana lissafi: uwar maƙera, zugazugi, guduma huɗu. Sai aka buɗe akwatin, aka ga takardar, aka sa Mahala cikin kayan sayarwa. Ya yi ta yunƙurin cewa a ba shi alƙalami, yau zai 'yanta ta ko ina ne su tafi, amma yawu kawai ke zuba. Baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Wiley ya dafa kafaɗarsa. "Kwantar da hankalinka, tsoho. Ni zan saye ta, ba za a kai ta gonakin auduga na kudu ba. Gonata mil tara ce kacal." Har da tsayawa jiran godiya.

Mahala ta goge wa mijinta baki da gefen rigarta, ta ce, "Yallaɓai, to wa zai riƙa juya shi? Ba ya iya juyawa da kansa."

Wiley ya duba takardar lissafinsa sama da ƙasa. "Ba a aiko ni wannan ba," in ji shi. "Haɗa kayanki."