Ƙarar Bayan Inna

Matashin kan na fara gani. Yana bisa wani dogon benci da aka lulluɓe da baƙar leda a tsakiyar shagon mai gyaran baya, kuma a tsakiyar matashin akwai tabon maiƙo, zagaye kamar faifai, inda fuskokin mutane suka yi ta kwanciya. Ina jin da can fari ne. Ƙudaje na yawo a kansa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce a raina, nan Inna za ta sa fuskarta.

Ina aji biyu a kolej lokacin. Ciwon bayan Inna kuwa ya girmi shigata lakwal, wato makarantar boko. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wuni take sunkuye bisa turmi tana juya tunkuza da muciya har mai ya taso. In za ta miƙe sai ta dafa bakin turmin, ta ɗan jira, sannan ta taso a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike.

Babu abin da ba a gwada ba. Ni ce ma maganin farko. Da ƙafa na zo duniya, ba da kai ba, kuma a unguwarmu an yarda cewa takun wanda ya zo da ƙafa yana warkar da baya. Kowace safiya kafin in ɗauki jakar lakwal, Inna za ta kwanta rub da ciki, in dafa bango in hau ina takawa. Nata ban ƙi ba. Amma har tsofaffin maƙwabta kan shigo a ce in taka su, bayansu da gumi da ƙurajen zafi, wani abu na motsi ƙarƙashin tafin ƙafata. In na sauka sai in zagaya bayan ɗaki in goge ƙafafuna da toka.

An kira wanzami ya kafa mata ƙaho. Ya zubar da gudajin jinin cikin kasko, ya tsokane shi da tsinke ya ce, "Ga ciwon nan, kun gan shi baƙi ƙirin." Kafin ya gama ɗaure zabirarsa kaji sun taru a kan kaskon. Na daɗe ban ci ƙwai ba. Ta sha ƙwayoyin masu talla a faranti, ja da rawaya, waɗanda rana ta gasa har ledarsu ta kumbura. Mun je likita ma, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ta, ya ce ta rage sunkuyo, kuma a je Maradi a yi mata hoton radiyo a ga ƙashin. Aka ce to, sai bayan kaka. Kaka ta wuce, wata ta sake wucewa.

Sai Goggo, yayar Baba, ta zo daga Rumbu ranar kasuwa da salula a hannu. Tun daga zaure take kira.

"Amarya! Ina Amarya? Taso ki ga ikon Allah."

Haka take kiran Inna, ko da yake ni ce ta uku a ɗakin. Ta nuna mana a salular wani mutum cikin farar riga yana murɗe wani dattijo, sai aka ji ƙas! kamar an taka busasshen kara.

"Kin ji? Ƙashi ne ya koma mazauninsa. A ƙasar waje ya koyo, can inda ya yi aiki. Ga shi nan bayan kasuwar dabbobi, ke kina nan kina ta fama da ƙafar ƴar lakwal."

"Goggo, ba ya karya mutum?" in ji Inna.

"In ya karya ki na auro wa ƙanena sabuwa. Ɗauko mayafinki."

Haka muka je, ni a baya riƙe da butar Inna.

Shagon cike yake. Masu jira na zaune a gefe, wasu kuma ba abin da ke damunsu, kallo kawai ya kawo su. Warin man zafi ya gauraye da na gumi da na garken da ke bayan bango. Mai gyaran bayan saurayi ne mai fara'a, wuyan farar rigarsa ya yi baƙi. Wanda ke gabanmu wani tsohon makiyayi ne daga wajen Azagor. Ya kwance rawaninsa ya kwanta. Aka danna, aka murɗa, ƙarar ta fito, shagon ya ɗauka baki ɗaya: "Ya fita!" Da tsohon ya ɗaga kai, miyau ya biyo bakinsa ya jiƙe matashin. Mai gyaran ya gani. Ya ɗauki matashin ya juya shi. Ɗaya gefen ya fi wannan muni.

"Hajiya, bismilla."

Na so in cire kallabina in shimfiɗa mata. Hannuna har ya kai kai, amma idanu sun yi yawa, na sauke shi. Inna ta ja bakin mayafinta ta rufe hanci ta kwanta.

"Ina ne?" ya ce.

"Nan ƙugu. Wani lokaci kuma yana saukowa ta cinya har..."

"Na gane, na gane. Duk abu guda ne."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya lakato mai daga wani gwangwanin tumatir, da yatsun da ya shafa wa tsohon, ya goga a bakin rigarta ta baya. Ya juya ta gefe, ya lanƙwashe mata gwiwa, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu. Goggo ta matso da salula dab da bayan don ta kamo ƙarar. Ya murɗa. Wani ɗan ƙis ya fito, kamar na yatsa.

"Haba, malam," in ji Goggo. "Wanga ai ko ɓera bai tsorata. Na tsohon nan har waje aka ji."

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi. Ya gyara tsayuwa, ya tara nauyinsa duka ya faɗa mata. Ƙarar ta fito babba, tare da wani "wash" daga cikin Inna wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da ta haifi autanmu. Shagon ya ce, "Ya fita!" Ni kuwa na kau da kai don ƙyama.

Gaskiya ita ce ta ji daɗi. Ta sauko daga bencin ta miƙe sak, ta taka har gida ba ta riƙe ƙugu ba. Da la'asar ta karɓi taɓarya daga hannuna ta yi daka tana waƙa. Na ji kunyar ƙyamar da na yi. Na ce ko ni ce mai tsirfa, lakwal ta ɓata ni, kamar yadda Goggo ke faɗa.

Ƴan kwanaki aka yi haka. Sannan wata safiya na ga ta dafa bakin turmi.

Muka koma ranar kasuwa ta gaba, da wadda ta biyo ta. Kowane zuwa sai ya ƙara ƙarfi don ƙarar ta fi ta baya, kuma kowane zuwa sauƙin na ƙara gajarta. Na farko ya kai kwanaki, na baya ko sallar magariba bai kai ba. Amma ba wanda ya san haka sai ni, domin duk wanda ya ce wa Inna ya jiki, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A wajenmu ba a cewa babu sauƙi. Na taɓa jin wata tsohuwa ta ce da sauƙi da hantsi, aka yi mata sutura da azahar.

Goggo kuma ta riga ta tura hoton ga dangi duka, daga Rumbu har Mai Yara. Inna ta zama shaida. Mata na shigowa sayen mai su ce, "Ke ce ta cikin salula? An ce kin warke sarai." Wata rana a bakin famfo, ina jiran layi, na ji "wash" ɗin uwata na fitowa daga salular wata budurwa. Ta mayar da shi baya ta sake kunnawa, ƙawayenta na ƙyalƙyala dariya suna kwaikwayo. Na bar bokitina a layin na dawo gida hannu wofi, aka yi mani faɗa.

Takun safe ne ya fara nuna mani. Inna ta ce in bar bayan in sauka ga ƙafar hagu, wai tana jin ta kamar ba tata ba. Na hau bisa sha-raɓarta da nauyina duka ina dannawa. Can sai ta ce, fuskarta cikin tabarma, "To ki fara mana, za ki makara."

Na sauka a hankali. Ban gaya mata na daɗe da farawa ba.

Daga nan na shiga kallon ƙafar. Takalminta na hagu ya kan zame a tsakar gida, ta ci gaba da tafiya ba ta sani ba, sai na ɗauko na ajiye mata a gaba. Ni ke sharar gida da asuba, kuma tsakar gidanmu rairayi ne, komai na barin sawu. Na dama na nan cif, da diddige da yatsu. Na hagu kuwa ba sawu ba ne, dogon layi ne, kamar an ja icce. Daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa turmi. Kullum ina share shi, kullum yana dawowa, yana ƙara zurfi.

Sai maganar majo ta dawo mani, wadda ya faɗa muna bakin ƙofa za mu fita, Inna na gyara goyo. Ya ce ciwon baya ana iya lallaɓa shi, tausa ma kan taimaki wasu, amma ranar da ƙafa ta fara mutuwa ko ta ƙi ɗaguwa, kada a jira komai, a kama hanyar Maradi, don jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba.

Na same ta tana mulmula ƙuli na ce, "Inna, ƙafarki na ja."

"Wa ya tambaye ki?"

"Majo ya ce..."

"Majo zai matse mani gyaɗar in na tafi? Ko shi zai riƙe ƙannenki?" Ta jefa ƙuli cikin mai, ya yi cuwa. Ta rage murya. "Goggonki ta yi ɗawainiya da ni, ta gaya wa duniya na warke. In tashi in ce mata mi? Kada in ji wanga zance a bakinki gaban Babanku."

Da yamma saƙon Goggo ya iso. Wai ta yi wa mai gyaran bayani, ya ce jijiya ce ta hau kan ƙashi, gobe ranar kasuwa zai sa a riƙe kafaɗun ya fizgi ƙafar, sau ɗaya tak, a gama. Goggo ta ce a caja salula.

Baba dillalin dabbobi ne. Yana fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo bayan magariba lokacin Inna na zaune bisa tabarma, ƙafafunta cikin zane. Daga tsaye yake cewa, "Ya bayan?" Ta ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara, ya wuce. Na yi lissafi a raina na ga tun da aka fara zuwa shagon bai ga tafiyarta ba. Shi mutum ne mai duba akuya daga nesa ya ce wannan tana ɗingishi, amma ta cikin gidansa a zaune yake ganinta kullum.

Ni kuma tsakanina da shi gaisuwa ce. Yana ce mani Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni, ni kuwa in ya kira sai in sunkuyar da kai in rasa inda zan sa hannuwana. Ban taɓa fara yi mashi magana ba.

Washegari na ɗauki tsintsiya na tsaya da ita a bakin ɗaki. Inna ta riga ta je madafa ta hura wuta ta dawo, ta sake komawa. Ban share ba. Baba ya dawo daga masallaci ya zauna bisa kujerarsa yana kurɓar shayi, sandarsa jingine da bango. Ya ɗago ya gan ni.

"Uwata, yau tsintsiyar ce ta yi yaji?"

Daga madafa ina jin motsin muciya ya tsaya, na san Inna na saurare. Ya shanye shayin, ya sa takalmi, ya miƙa hannu ga sandarsa. Na jingine tsintsiyar, na zo na durƙusa a gabansa, idona a ƙasa, na nuna mashi layin da ya ratsa tsakar gidan.

"Baba, don Allah kada ka fita tukuna. Ka dubi sawun nan, ka kira Inna ta tako zuwa wajenka ka gani da idonka. Kuma in Goggo ta zo, kada ka bari a kai ta shagon nan. Ka kai ta Maradi yau, ni zan riƙe yara."