Kurmin da Baba Mai Zuma Ya Ƙi Nunawa

Kowa a ajin ya liƙa 'yar takardarsa a jikin taswira, ban da Baba Mai Zuma. Tasa tana manne a babban yatsansa, ya dunƙule hannu a kanta.

Ma'aikatan muhalli ne suka ari ajin firamare ranar Asabar. Suka shimfiɗa taswirar garin a kan tebur biyu, suka ce kowa ya nuna inda yake samun amfani: masunta, masu yankan ciyawa, mata masu ɗiban ruwa. Duk inda ba a liƙa komai ba, za a rubuta shi a matsayin filin banza, kuma ta nan sabuwar hanya za ta bi.

Kurmin bayan tsohon famfo fari fat yake a takardar, alhali amya goma sha ɗaya Baba ya rataye a can. Shekara talatin yana wannan sana'a, ko matarsa ba ta san wurin ba. In ta tambaya sai ya ce, "Can dai." Haka kawunsa ya koya masa. Sau ɗaya ya saki baki a wurin mai shayi, shekarar da aka haifi autarsa, kafin sati ɓarayi suka ƙone masa amya huɗu.

"Baba, sai ka ce an ce ka nuna inda ka ɓoye budurwa," in ji mai gyaran keke.

"Kai da facinka ba ya kai mutum gida, har kana da bakin magana?"

Aka kwashe da dariya. Shi dai Baba hankalinsa na kan taswirar. In ya nuna, ɓarayi. In ya yi shiru, motar share daji.

Malamar da ke zana taswirar ta bari sai da aka fita shan iska, sannan ta matso.

"Baba, ƙudan zumanka har ina suke zuwa kiwo?"

"Har lambunan bakin rafi, 'yata. Su ke sa kabewar mutanen nan ta yi 'ya'ya, ko godiya babu."

"To ba sai ka nuna mini bishiya ba. Kiwonsu zan zana."

Ta ja fensir ta yi babbar da'ira, ta haɗiye kurmin da lambunan da rabin rafin. A ciki ba ta ɗiga komai ba.

"Wa zai ga wannan?"

"Kowa. Ɓarawo in ya ga dama ya shiga nema, ƙafarsa ce za ta gaya masa."

"Hanyar fa?"

"Ba a taɓa abin da ke cikin layin nan. Sai dai su kewaya ta tudu."

Baba ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji, ya saki dogon numfashi. "Allah Ya yi miki albarka," ya ce, har sau biyu.

Da ya koma gida ya dafa ruwa ya wanke kwalaben zumansa, ya kife su a kan katanga su bushe.