Shingen da Aka Juya wa Kawu Barmo

Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza na fara jin sunan Barmo, daga bakin wani direban motar siminti da ya tsaya sayen fura wajen innata. Ya ce mata, "Ashe ke ce ƙanwar Barmo mai tsallake shinge?" Dariya na yi, don yayan inna guda na sani, Kawu kawai muke ce masa, kuma da sanda yake tafiya.

Ashe shi ne. A Tajaye ya tashi, yana tsallake dangar gonaki in awaki sun ɓalle masa. Da ya shiga kwaleji a Illela wani malami ya lura da ƙafarsa, ya jera masa shingayen katako, ya koya masa gudun tsalle. Cikin shekarun tamanin ya sa rigar ƙasa, ya yi gudu a Wagadugu da Kwatano.

Aibinsa guda ne: ƙafarsa ta baya takan shafi katakon. Wannan ba ya cutarwa, domin ana ajiye shingen ne ƙafafunsa na kallon mai tahowa, in an taɓa shi sai ya kife gaba. In aka juya shi kuwa, ba ya faɗuwa, mutum ke faɗuwa. Duk ɗan gudu ya san haka. Maikano ma ya sani, abokinsa tun ajin farko, wanda kullum shi ke zuwa na biyu.

Ranar zaɓen wanda za a tura gasa waje, a filin Ƙonni, Maikano ya taya masu jera shingaye aiki. Na ƙarshe a layin Kawu a juye yake. Kawu ya shafe shi ya faɗi, ƙaurinsa ya karye, ɗori bai kama daidai ba. Maikano ya hau jirgi, Kawu ya koma noman hatsi.

Ina ajin ƙarshe a kwaleji, na je hutu Tajaye, sai ga Maikano ya zo sallamar tafiya Makka, yana bi gida-gida neman yafiya yadda maniyyata ke yi. Ni na shimfiɗa masa tabarma.

"Barmo, abin da na yi maka, da sanina da rashin sani, ka yahe mini."

"Wanne daga ciki, Alhajin gobe?"

"Haba, duka dai."

"Ba ni yahe abin da ba shi da suna. Hwaɗe shi, ga ɗiyata nan ta ji."

Maikano ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Tsautsayi ne, kowa ya gani."

Kawu ya naɗe ƙafar wandonsa, ƙaurin nan a karkace. "To tahi. Akwai sassarfa tsakanin Safa da Marwa, ƙahwarka kuwa lahiya lau take. Ina jiranka, nan ko gaban Allah."

Maikano ya je ya dawo, bai sake tako gidan ba. Kawu kuwa ko a sallar idi suka haɗu, ba ya miƙa masa hannu.

Wata rana ina surfe ya kira ni. Ya ce, "Mariyama, ranar da na rasu Maikano zai zo, don ya san ba ni iya tashi in ƙaryata shi. Liman zai ce a yahe wa juna. Ki aika zaure a gaya wa maza, ni Barmo ban yahe ba. Kada hurhurarsa ta ba ki kunya."