Mai Gadin Robot

Yayana Hammawa ya shekara goma sha ɗaya yana yanka ƙarfe a wani shago da ke bakin babban titi a Potiskum, inda ake gyaran bodin tirela da ƙera ƙyauren gida. Da wutar gas ya fara, har ta cinye masa gira. Da mai shagon, Alhaji Idrisu, ya sayo injin leza mai yanka da haske, Hammawa ne ya koye shi, ba boko ba komai. Injin shimfiɗaɗɗen tebur ne mai uban nauyi, aikinsa ɗaya tak, yanka farantin ƙarfe. Amma in ya huda rami, noti shiga yake ba gardama. Har daga Gadaka direbobi ke zuwa neman yankan Hammawa.

Kwatsam ɗan Alhaji, Almustapha, ya dawo daga karatu. Wai inji mai aiki ɗaya ƙauyanci ne. Ya sayar da shi, ya kawo robot, wani zungureren hannun ƙarfe, wai shi yanka, shi walda, shi shiga lungu.

Hammawa ya ce, "Yallaɓai, dogon abu rawa yake. Ran Laraba tirelolin shanu ta nan suke bi, ƙasa har girgiza take."

Almustapha ya ce, "Wace makaranta ka yi?"

Ka ji rashin kunya! Mutumin da ya goya shi!

Larabar farko kuwa aka ga abu. Tirela na wucewa, hannun ya yi kyarma, layi ya karkace. Faranti takwas suka lalace, ramuka sun ƙi noti. Maimakon a ce Hammawa ya faɗa, sai aka ce shi ya kasa saiti. Aka ɗauko wani mai satifiket daga Kano aka ba shi kujerar Hammawa. Shi ma ya yi, layi ya karkace.

To ka san dabarar da suka ɓullo da ita? Wallahi har yanzu raina tafasa yake. Sun tsayar da Hammawa a bakin titi. In ya hango tirela ya ƙwala ihu, a dakatar da robot har ta wuce.

Jiya na bi ta wurin na ce, "Yaya, ka bar musu aikin nan mana!"

Idonsa na kan titi ya ce, "Fanne, matsa, kina tare min hanya." Sannan ya juya wajen shago ya ɗaga murya: "Tirela!"